Ƙaramin Batirin da Ke Bayan But

Akwai wata mata da mijinta ya rasu ya bar mata yara uku da mota ɗaya, irin mai haɗa fetur da lantarki. Da motar yake kai yaran unguwa makaranta, da ita gidan ke ci. Matar ta ƙudura za ta ci gaba da sana'ar da kanta.

Sai dai motar ta yi watanni a ajiye. Ran da ta danna maɓalli, ko fitila ba ta kawo ba.

Yayan mijin, wanda kowa ke kira Babban Yaya, tsohon direban tirela ne, kuma ba a yi masa musu a kan mota. Ya buɗe gaba, ya leƙa, bai ga batiri inda ya saba gani ba. Nan take ya yanke hukunci: babban batirin da ke ƙarƙashin kujera ya mutu, sai a sayar da motar a matsayin gwangwan, ita kuma ta kwashe yara ta koma gidan iyayenta. Washegari har ya zo da motar janwe don a ja ta a tafi.

Ta tsaya a bakin gareji, makulli a hannu.

"Yaya, motar nan ba inda za ta."

Ya ce da wa take? Shi da ya tsufa a kan titi?

Ba ta matsa ba. Abin da ta tuna shi ne, duk ranar hutu marigayi sai ya kunna motar ya bar ta na ɗan lokaci, ko ba inda za shi. Tana yi masa tsiya, shi kuma ya ce mai gadi yake ciyarwa. Ya taɓa nuna mata wani ƙaramin batiri a lungun but, wurin zuba kaya a bayan motar. Ya ce in an kashe mota, ana raba babban batirin da komai don kada wutarsa ta kama mutum. Ƙaramin ne ke tada kwamfutar motar, ita kuma ta buɗe wa babban hanya. In ƙaramin ya yi sanyi, babban ko a cike yake, a kulle zai zauna.

Da ta faɗa wa Babban Yaya haka, ya yi dariya har da tafa hannu. Wai mota mai batiri kamar katifa ce za ta jira wannan ɗan abin?

Ta roƙi maƙwabcinsu ya kawo motarsa da wayar jona batiri. Ta san in motar ba ta tashi ba, magana ta ƙare. Aka jona, ta danna. Allon gaba ya kawo haske, amma ba ƙara ko kaɗan.

"Kin gani? Ba ta tashi ba," in ji Babban Yaya, yana tsaye a gaban motar.

Ta share hawaye, ta sa giya. Motar ta fara gangarowa shiru, lantarki ne ke jan ta.

Ta leƙo ta taga. "Yaya, a ɗan matsa min. Yara za su makara."

Darasi: Kada ka bari ƙarfin muryar wani ya raba ka da abin da ka sani, kuma kada ka raina ƙarami, don wani lokacin shi ke riƙe da ƙofar babba. Ku tura wa duk wanda ake neman a ture shi gefe.