Rawani Ɗaya, 'Ya'yan Inna Tabawa Uku

To jama'a, ku gyara zama, yau da rigima na zo muku.

A Kwarin Ɗunya akwai wata tsohuwa, Inna Tabawa. Kububuwa ce ta kashe mijinta, domin maganin saran maciji sai a firji yake zama, garin kuwa ko ƙwan lantarki babu. Da aka share makoki ta dubi 'ya'yanta uku ta ce, "Rashin wuta ne ya kashe ubanku."

Maganar ta tsaya musu a rai. Babban, Ɗanliti, ya dinga sintiri birni, a kore shi yau ya koma gobe, har takalminsa ya cinye. Da masu wuta suka gaji da ganin fuskarsa sai suka ba da taransifoma da waya da falwayoyi, amma suka ce motarsu ba ta ratsa fadama, sai gari ya ɗauka da kansa.

Ga damina ta kankama, maza suka ce wa zai bar noma? Sai Tsahara, mai bi wa Ɗanliti, ta kira gayyar mata zalla. Suka ci ɗamara, suka kinkimi falwaya suna waƙa cikin taɓo. Kai! Kunya ta ishi mazan, kowa ya yar da fartanya ya biyo su.

Saura ƙiris, sai hanyar waya ta tokare da lambun mangwaron Ilu, autan. Ubansu ne ya dasa, kuma da shi Ilu yake ci da iyalinsa. Aka rasa mai ƙarfin halin roƙonsa. Shi ya ɗauko gatari da kansa, yana sara yana hawaye.

Wuta ta zo, aka kawo firji ɗakin shan magani, ya kama aiki. Ba a jima ba wata kububuwar ta sari Inna Tabawa a wajen itace. Aka yi mata allura, ta tashi garau. Tun daga nan ba ta da hira sai "'ya'yana, 'ya'yana," har maƙwabta suka ƙosa.

Sai mai gari ya kira ta. "Inna, za mu naɗa Sarkin Haske cikin 'ya'yanki uku, ko macen ce sarautar tata ce. Ke kika haife su, ke za ki zaɓa."

"Ranka ya daɗe, ka haɗa ni da aiki!" in ji ta. Daɗi kamar ya kashe ta, amma ta san sunan da duk ta kira, biyu za su koma gida da ciwon zuciya.

Ga ta can tsaye, gari ya zuba mata ido. To ku, wa za ku ce mata ta kira?