Saura Gishiri

A wani gidan haya mai hawa uku akwai wata mata da kowa ke kira Gwana, kuma sunan bai zo a banza ba. Idan ta haɗa fudin ayaba, wato ta jera biskit da ayaba da kastad ɗin madara da ƙwai hawa-hawa a kwanon gilashi, har masu cewa likita ya hana su zaƙi sai ka ga suna laluben cokali.

Sai dai Gwana tana da wani hali, kuma ba zan rufa mata asiri ba: rowar sani gare ta. Ba ta taɓa cewa ba za ta koya miki ba. Da fara'arta za ta zaunar da ke, ta karanto miki komai, sai ta cire abu ɗaya ta bar wa cikinta.

Tela, mai ɗinki a hawan ƙasa, ba a gaya mata ana matsa lemon tsami a kan ayabar ba, don haka nata kullum baƙi yake yi. Malama, mai koyar da lissafi, ba a gaya mata kaɗan-kaɗan ake zuba madara mai zafi a kan ƙwai ana kaɗawa ba, sai nata ya fito da gudaji kamar soyayyen ƙwai. Maman Biyu kuwa an ce mata da an gama a ci, aka ɓoye mata awa huɗun firji, yaranta na ci, biskit na ƙara a bakinsu.

Duk wadda ta dawo da kuka, Gwana sai ta dafa kafaɗarta ta ce, "Hannu ne, 'yar'uwa. Ki yi ta gwadawa."

Ran nan Gwana ta zame a matakala ta karye a hannun dama. 'Yan gulma sun ce ɓawon ayaba ta taka, amma ruwan wanki ne. Kwana uku da sa mata filasta, ƙaninta ya bugo waya da safe. Za a sallamo Baba daga asibiti da yamma bayan an yi masa aikin haƙori, kwana biyu kenan ba ya karɓar komai sai ruwa, kuma abu ɗaya ya ce zai ci: fudin 'yarsa.

Hankalin Gwana ya tashi. Tsohon ya rame, kuma ta san halinsa, idan cokalin farko bai yi masa ba ya rufe baki kenan.

Ta aika a kira Tela ita kaɗai, don mutum ɗaya ba ya wuyar juyawa. Amma gidan haya ba a sirri. Kafin ƙarfe sha ɗaya sai ga su su uku a kicin, kowa da zanin aikinta, Maman Biyu har da ƙwai shida a leda.

"Yaya, ke dai zauna," in ji Tela. "Ai duk ɗalibanki ne."

Gwana ta zauna a kujera kusa da firji.

Tela ta yanka ayaba za ta fara jerawa, sai Malama ta riƙe mata hannu. "Ina lemon tsamin?"

"Wane lemon tsami?"

"Wanda ke hana ta baƙi mana."

Tela ta ajiye wuƙa a hankali. Gwana ta ƙura wa filastarta ido kamar yau ta fara ganinta.

Ba a jima ba Malama ta ɗaga tukunyar madara za ta juye a kan ƙwai gaba ɗaya. Maman Biyu ta yi ihu, "Malama, za ki dafa ƙwan! Kaɗan-kaɗan, kina kaɗawa!"

"Wa ya ce miki?"

"Yaya."

Malama ta sauke tukunya, ta gyara tabarau. Ba a banza take koyar da lissafi ba. "Maman Biyu, idan kin gama jerawa, awa nawa kike sa shi a firji?"

"Firji kuma?"

Gwana ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba, ta tabbata yanzu za su kwance zannuwansu su fice, su bar ta da hannu ɗaya da tsoho mai yunwa.

Tela ce ta fara fashewa da dariya, har da riƙe ciki. "Shekara biyu ina zagin hannuna! Har mai ayaba na canza sau uku, bawan Allah bai san laifinsa ba."

"Ni tukunya na jefar," in ji Malama.

"Za mu yi shari'a, Yaya," in ji Maman Biyu tana fasa ƙwai, "amma sai Baba ya ci tukuna."

Suka ci gaba da aiki, kowa na cike gurbin 'yar'uwarta. Kastad ya fara kauri, santsi ba gudaji ko ɗaya. Su a ganinsu sun gama haɗa sirrin. Gwana kaɗai ta san akwai na huɗu, wanda ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Idan ta yi shiru babu mai ganewa, kuma sunanta na nan. Ta dubi matan nan uku suna gumi a kicin ɗinta saboda ubanta.

"Saura gishiri," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka. Shi ke fito da zaƙin. Ku yafe mini."

"Au, har da ƙari?" in ji Tela. Ta miƙo mata robar gishirin. "To, sa da hagunki, kada a ce ba ki yi komai ba."

Da yamma Baba ya iso. Aka ɗebo masa a ƙaramin kofi, biskit ya yi laushi, ayaba fes. Ya kai cokali ɗaya, ya kai na biyu, ya miƙa kofi a ƙara.

"'Yar nan, yau ya fi na kullum," in ji shi. "Da hannu ɗaya kika yi wannan?"

"Da hannu shida, Baba. Nawa gishiri kawai."

Tsohon ya lashe cokali ya ce, "To, a gaya wa likita kada ya yi gaggawar cire filastar nan."

Darasi: Abin da ka ɓoye wa mutane don ka fi su, wata rana a hannunsu za ka neme shi. Idan za ka koyar, koyar duka, har gishirin. Ku tura wa 'yan'uwa da maƙwabta, musamman masu cewa "hannu ne".