Barira da Gwangwanin 'Ya'yan Tsamiya

Masu ba da labari sun ce a bayan garin Funtua, inda aka share gonaki aka jera sababbin gidaje iri ɗaya, an yi wata mata ana ce mata Barira. Shekararta uku a gidan, amma ko ƙusa za ta kafa a bango sai ta ji kamar ta nemi izini, domin da bashin banki aka saye shi, takardunsa kuwa suna hannunsu sai an shekara goma sha biyar ana biya duk wata. Saboda wannan biyan ne mijinta Tasi'u ya ɗauki kayan waldarsa ya tafi Fatakwal. Sau biyu yake zuwa a shekara, ƙaramar salla da babba, kwana biyar-biyar. Ya ce mata ranar da aka gama biya, ranar zai dawo gaba ɗaya.

Barira ba ta yi nisa a boko ba, lissafin takarda rikita ta yake yi. Sai ta tsinci 'ya'yan tsamiya ta zuba a gwangwanin madara, ƙwaya ɗaya a madadin kowane wata da ya rage. In wata ya mutu, ta cire ɗaya ta jefa bayan katanga. Saura ɗari da arba'in da huɗu. Takan girgiza gwangwanin kusa da kunnenta ko za ta ji ya rage nauyi, amma bai taɓa ragewa ba.

A kan tsamiyar da ke bayan katangar akwai sheƙar wata tsohuwar shamuwa mai zuwa duk farkon damina. Barira mai kunya ce, ko da maƙwabta ba ta cika doguwar hira ba, amma da shamuwar nan takan saki jiki, har tana ce mata Goggo.

Washegarin ruwan farko da hantsi, tana tsakar gida tana matse tunkuza, 'yarta Walida tana barci a tabarma, sai ga shamuwa ta sauka a kan katanga. Suka gaisa, aka tambayi hanya, aka tambayi maigida. Barira ta ce yana can lafiya. Daga nan ta rage murya ta ce ta kwashi adashinta jiya, kuɗin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli na shekara guda, kuma ta yi shawarar ta sayi kujeru da labule da kafet kafin babbar salla. Wataƙila in ya shigo ya ga ɗakin ya yi kyau, ya ƙara kwana biyu a kan biyar ɗin.

Shamuwa ta karkata kai ta ce, "Shi ke nan abin da ya zo miki a rai, 'yar nan?"

Barira ta daɗe tana juya tunkuzar kafin ta ce akwai wani. Ranar da aka sa hannu a takardun tana zaune a bayan maigida, ba wanda ya kula da ita, ta ji ma'aikacin bankin yana cewa duk abin da aka ɗora a kan biyan wata, daga ƙarshen shekarun ake yanke shi. Maigida makullin kawai yake kallo, ba ta jin maganar ta shiga kunnensa. Amma Innarta ta sha gaya mata kada ta kuskura ta zuba kuɗinta a ginin namiji, kuɗin mace na kayan ɗakinta ne. Ban da haka, yaya za ta shiga banki da 'yan kuɗi masu warin mai, a kan bashin da ko ƙirga shi ba ta iya ba?

Shamuwa ta ce, "Kin tuna mini da Nomau, wanda ya ji kunyar kai kaɗan."

Barira ta ce, "Wane ne shi, Goggo?"

Shamuwa ta gyara tsayuwa ta ce kakarta ce ta ba ta labarin, domin a kukar ƙofar gidansa take sheƙa.

Nomau manomi ne a wani gari yamma da nan. Ciwon mahaifinsa ya cinye abin da yake da shi, har ya jinginar da gidan gado ga wani mai fataucin gishiri. Bafataken ba mugu ba ne. Ya bar wa iyalin ɗaki ɗaya a ƙurya, ya cika sauran ukun da gishiri, ya ce duk abin da Nomau ya samu ya kawo, in ya kai kuɗin ɗaki guda sai a kwashe gishirin a ba su ɗakinsu. Nomau ya ce shi ba zai riƙa zuwa da tsintar kuɗi kamar mai sayen daddawa ba. Yadda ya karɓa dunƙule a gaban shaidu, haka zai mayar. Ya bar matarsa Kuluwa da 'yarsu tana rarrafe, ya tafi haƙar kuza a ƙasar Jos.

Yana da ƙarfi kuma ba ya shaye-shaye, kuɗi suna taruwa a ɗamararsa. Amma duk mutumin garinsu da ya zo wurin haƙar ya san Nomau yana da ajiya. Wannan ya ce matarsa ta haihu, wancan ya ce ƙaninsa zai yi aure, shi kuwa ba ya iya kallon idon ɗan garinsu ya ce babu alhali akwai. Kowace shekara sai ya kusa rabi, ya koma baya.

Akwai wata tsohuwa mai sayar musu da fura, Iya Tabawa, ta lura da shi. Wata rana tana dama masa ta ce, "Ɗan nan, halinka irin na maƙwabciyar Hansai ne." Ya ce ta gaya masa yadda aka yi. Ta ce to ya saurara.

Wata shekara fari ya sa mata biyu, Hansai da maƙwabciyarta, suka ranci hatsi a rumbun Sarkin Noma, kowacce buhu guda. Da abinci ya samu, kowaccensu ta ɗauki dabara ɗaya: in ta auno hatsin tuwo, kafin ta zuba a turmi sai ta ɗebi tafin hannu ta ware. Maƙwabciyar ta riƙa tara nata a tukunya a ƙarƙashin gado, tana jiran ya cika buhu ta kai da mutuncinta. Hansai kuwa duk Juma'a sai ta ɗauki ɗan abin da ya taru a ƙoƙo ta kai. Matan gidan Sarkin Noma suna yi mata dariya, suna cewa ga mai ciyar da kaji ta iso. Ta yi murmushi, ta tsaya sai an auna a gabanta. Ita maƙwabciya, yau baƙi sun sauka ta buɗe tukunya, gobe suna a dangi ta buɗe tukunya, abin da ya saura ƙwari suka shiga. Kaka biyu Hansai ta gama. Waccan har aka aurar da jikarta tana zagayawa ta bayan gari don kada ta bi ta ƙofar Sarkin Noma.

Iya Tabawa ta miƙa masa furar ta ce, "Ita Hansai dariyar Juma'a kawai ta sha. Kai wa kake jin kunya, bafatake ko matar da ka bari a ɗaki ɗaya?"

Nomau ya yi dariya ya ce wannan dabarar mata ce. Ya shanye furarsa ya koma rami.

Sai da ya shekara goma sha ɗaya kuɗin suka cika. Ya dawo, ya tara shaidu, ya zube su dunƙule yadda ya yi alkawari, mutane suka yaba. Aka kwashe gishiri. Da ya shiga, wata yarinya mai tallan goro, 'yarsa da ya bari tana rarrafe, ta ja mayafi ta rusuna ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. Wa za a ce yana sallama?" Kuluwa ta fito da furfura a goshi, ta shimfiɗa masa tabarmar baƙi, ta kawo ruwa. Suka zauna a gidan da ya zama nasu ɗaki huɗu, aka rasa mai abin faɗa.

Shamuwa ta ce, "Gidan yana nan inda ya bar shi, ko bango bai tsage ba. Abin da ya tafi, ba a jinginar da shi ba balle a fanso."

Barira ta dubi Walida a tabarma. Da ƙaramar salla, da uban ya miƙa hannu zai ɗauke ta, ƙanƙame zanen uwarta ta yi tana kuka, sai a kwana na huɗu ta yarda da shi, a na biyar ya tafi. Ya yi dariya a lokacin, amma Barira ta ga yadda ya juya yana gyara igiyar jakar da ba ta kwance ba.

Ta ce a hankali, "To maganar Inna fa?"

Shamuwa ta ce Innar Barira ba ta yi ƙarya ba, ta ga abin da ta gani ne. Don haka Barira ta tafi bankin da yayanta, a rubuta cewa kuɗinta ne, ta adana takardar, ta kuma gaya wa maigida kafin ta fita. "Amma ki sani ba bulo za ki saya ba. Kujerun nan, in sun yi ƙoƙari su ba ki kwana biyu. Je ki tambaya wannan kwana nawa zai ba ki."

Barira ta koma kan aikinta. Ta gama matsar, ta soya ƙuli-ƙulinta. Da la'asar ta kira maigida a waya, ta daɗe tana zagaye-zagaye kafin ta faɗa. Ya ce kuɗinta ne, ba zai so a ce ya ci guminta ba. Ta ce ba shi za ta ba ba, dawowarsa za ta saya. Ya ce to Allah ya yi mata albarka, ta je.

Ranar Litinin ta sa hijabinta mai kyau, yayanta yana gaba tana biye. Kuɗin suna warin mai kamar yadda ta ji tsoro, amma matar da ta karɓa ko hanci ba ta taɓa ba. Ta ƙirga, ta danna na'urarta, ta ce an rage wata huɗu daga ƙarshe. Barira ta ce don Allah ta sake faɗa. Ta sake.

Da ta dawo shamuwa tana kan katanga. Barira ba ta ko cire hijabi ba ta ɗauko gwangwanin, ta zauna a bakin ƙofar ɗakin da babu kujeru, ta ƙirgo ƙwaya huɗu a tafin hannunta. Ta ce, "Na ji amsar, Goggo, wata huɗu ne. Na kuma gaya wa uwar adashi ta sa ni a zubi na gaba."

Shamuwa ta ce, "To jefar da su mana."

Barira ta dube su, ta ce a'a, waɗannan ba irin waɗancan ba ne. Waɗancan da take jefarwa watanni ne da suka wuce ba ya gida. Ta ƙulle su a bakin zanenta, ta ce za ta ajiye masa ya gani da babbar salla.