Fukafukan Sallau, Ɗan Farin Yalwa

Dalilin da ya sa ƙwaro mai dogon ƙaho, wannan da ke huda itace, fukafukansa ba iri ɗaya ba ne, shi zan gaya muku, in za ku bar mini surutu. Wanda kuka kamo a fadama fiffikensa dogo ne har ya wuce bayansa. Na gona daidai jikinsa. Na kan dutse kuwa guntu ne, kamar babban mutum ya sa rigar yaye. To, duk uwarsu ɗaya.

A da can ba su da fukafukai sam. Da ƙafa suke yawo. Uwar tasu sunanta Yalwa, tana zaune a cikin wata tsohuwar ƙirya a gindin dutse da 'ya'yanta uku: Sallau ɗan fari, Nomau na tsakiya, sai Auta. Kowace shekara da rani mafarauta kan cinna wa daji wuta, kuma bara wutar ta tsaya ne taku kaɗan daga ƙiryar. Yalwa ta ce ba za ta jira ta bana ba. Tana da fatar jar akuya guda ɗaya tak, ta ƙudura za a ɗinka wa yaran fukafukai da ita. Ita kanta ba ta sa kanta a lissafi ba. Ta san Sallau ƙato ne, in wuta ta zo shi zai goya ta su tashi.

Ta samo kaba ta auna Nomau daga wuya zuwa ƙugu, ta yanke. Ta auna Auta, ta ƙara masa yatsa biyu, wai ai zai girma. Da aka zo kan Sallau sai ta naɗe kabarta. Kun san dai uwa da ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yabonsa, ba ta ko ɗaga ido ta dube shi a gaban mutane. Yalwa kuwa tata kunyar ta fi ta kowa, har ana ba da misali da ita.

Badukun wurin wani tsohon bushiya ne, Jatau, ga basilla a jiki amma ido ya yi rauni. Bai taɓa ganin Sallau ba. Ya karɓi kaba biyu ya shafa, ya ce, "Baiwar Allah, kin ce uku. Ina awon na ukun?"

Yalwa ta sunkuyar da kai ta ce, "Wai yaron nan? Abin da ya ragu ya ishe shi."

"To yaya girmansa yake?"

"Wane girma gare shi? Ɗan abu ne haka."

"Ki dai faɗa mini, fata in an yanka ba ta komawa."

"Baba Jatau, ka yi yadda ka gani."

A ranta cewa take yi, wa zai rasa gane cewa ɗan fari ake nufi, a ware masa mafi kyau? Shi kuwa Jatau yadda aka faɗa masa haka ya ɗauka. Ya yanka na Nomau, ya yanka na Auta har da ƙarin, sauran ƙyallen da ya rage ya harhaɗa wa na ukun.

Da aka kawo ɗinki, Nomau da Auta suka sa nasu a tsakar gida suna juyi, uwar tana gyara musu. Sallau ya ɗauki nasa ya zaga bayan ƙirya, don ɗan fari ba ya gwada kaya a gaban uwa. Ya sa, ya ga abin ko rabin bayansa bai rufe ba. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Amma ina zai iya zuwa ya ce wa mahaifiyarsa ta tauye shi? Ya dawo ya durƙusa daga nesa ya ce, "An gode, Inna." Ita kuma tana kallon ƙasa ta ce, "Madalla." Kunya ta haɗu da kunya, ba wanda ya san halin da ake ciki.

Ran nan da hantsi sai ga hayaƙi. Kafin a ce kwabo wuta ta ci ciyawar gabas, tana ƙara kamar ana suya. Nomau ya buɗe fukafukai ya tashi. Auta ya bi shi. Yalwa ta haye bayan Sallau ta rufe ido tana jiran ta ji iska.

Sallau ya yunƙura, suka faɗo. Ya sake yunƙurawa, suka sake faɗowa.

Nan ne Yalwa ta buɗe ido ta dubi ɗanta, duban da ba ta taɓa yi masa ba tun ranar suna. Ta ga faffaɗan baya tsirara, ga wasu 'yan guntayen fata biyu suna karkarwa a kafaɗa. Ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu: "Sallau! Wayyo Sallau, ni na kashe ka!"

Ku ji fa, da bakinta, har sau biyu! Kurciyar da ke gudu sai da ta waiwayo. Ƙadangare ya yi turus ya ce, "Innalillahi, yau Yalwa ce ta kira sunan ɗan fari?" Shi kansa Sallau sai da ya juyo da kai ya dube ta, don bai taɓa jin sunansa a wannan murya ba.

Ta ce, "Sauke ni ka gudu."

Ya ce, "Inna, riƙe ni da kyau."

Ya juya ya nufi dutse da ƙafa, inda babu ciyawar da wuta za ta ci. Tartsatsi na zuba a bayansa, bai tsaya ba sai da ya kai ƙoli. Nomau ya sauka a gonaki. Auta kuwa, da dogayen fukafukansa, iska ta kwashe shi har fadama, bai san hanyar dawowa ba.

Da wuta ta mutu, Yalwa ta nemi kabarta, ta ƙone. Sai ta miƙa dogon ƙahonta ta auna bayan Sallau daga wuya zuwa ƙugu, ta sake aunawa, tana kuka. Ga awo ya samu, fata ta ƙare.

Shi ya sa har yau jikokin Auta a fadama fiffikensu ya yi musu yawa, na Nomau a gona daidai wa daida, na Sallau a kan dutse kuwa guntu ne, sai tafiyar ƙasa. In kun ga biyu sun haɗu suna shafa juna da ƙaho, ku ƙyale su. Awo suke yi, don tun daga ranar nan ba uwar da ta sake yarda a yanka wa ɗanta kaya ba ta dube shi ba.