Layukan Da Tsintsiya Ya Share

Akwai wani injiniyan manhaja da abokan aikinsa ke kira Tsintsiya. Sunan ya bi shi, domin duk tsohon rubutun manhajar da ya faɗo hannunsa sai ya share rabinsa. Kuma maganar gaskiya, gwani ne. Matsalar kawai shi ma ya san gwani ne, ga shi ba ya gajiya da tuna wa mutane.

Kamfaninsu yana haɗa na'urar da likitoci ke duban cikin mara lafiya da ita a ɗakin tiyata: kamara, allo, sai wayar da ke haɗa su. Tsakanin kamarar da allon akwai wata manhaja da suke ce wa direba. Tana zaune can cikin zuciyar kwamfutar, inda kuskure ɗaya ke kashe na'urar gaba ɗaya.

Aikin direban ba ɓoyayye ba ne. Yana ware gurabe a ƙwaƙwalwar na'ura, kamara ta zuba hoto a gurbi, allo ya ɗauka ya nuna, a mayar da gurbin a sake cikawa. Kamar yadda ake miƙa bokitai hannu da hannu.

Shugabansu Oga, wanda ya daɗe yana riƙe da direban, idonsa ya fara rauni. Ya ce zai sauka, ya miƙa kujerarsa ga mutum ɗaya. Wanda ya hau ta, babu layin rubutun da zai shiga direban sai da yardarsa. Tsintsiya ya ƙwallafa rai a kan kujerar nan, har ya gaya wa matarsa ta fara shirin taya shi murna.

Don ya nuna isarsa, sai ya ɗauki ɓangaren da ke kula da guraben ya sake tsara shi daga tushe. Kai, aikin ya yi kyau! Abin da a da sai mutum ya yi ta lalube kafin ya gane, yanzu ana karanta shi cikin sauƙi.

Ana cikin sharar ya ci karo da wasu layuka masu muni. Idan aka tsayar da kamara, sai sun sa direban ya dakata ya jira kafin ya saki guraben. A taron safe ya haska su a bango yana dariya.

"Ku duba min wannan! Jiran me ake yi a nan, jiran mota? Wanda ya rubuta wannan, Allah ya yafe masa. Na share."

Wasu suka yi dariya. Oga kuwa sai goge tabarau yake yi.

Wadda ta yi magana ita ce injiniyar da ke shugabantar gwaji, Anti Gwaji. Teburinta kullum cike yake da wayoyi da tsofaffin kamarori, kuma ba ta sa hannu a aiki don kunya ko don zumunci.

"Ƙanena, aikinka ya burge ni," in ji ta. "Amma da wace kamara ka gwada?"

"Da ta cikin kwamfuta mana, Anti. Duk gwaji ya wuce, ko ɗaya bai faɗi ba."

"Wannan ai kamarar wasa ce, mu muka rubuta ta, ladabi gare ta. Ka ce ta tsaya, ta tsaya cak. Ta gaske idan wayarta ta fizge ana tsaka da aiki, ɓangaren da ke zuba hoto ba nan take yake tsayawa ba. Idan ka riga ka saki gurbin, wani aikin ya karɓa, hoton zai zube a kan kayan wani. Ka gwada da ta gaske, ka fizge wayar."

Tsintsiya ya taɓe baki. "Haba Anti! Wane mahaukaci ne zai fizge waya ana tiyata?"

"Ba sai mahaukaci ba. Ƙafar nas ta isa."

"Ke dai tsoro ya yi miki yawa. Shi ya sa kike gwaji, mu muke rubutu."

Maganar ta yi mata zafi, kowa ya gani a fuskarta. Amma ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "To, madalla. Hannuna dai ba zai hau wannan aikin ba sai an fizge wayar."

Ta aika masa da kamara ta gaske har teburinsa. Ya ture ta gefe, ya ɗora kofin shayinsa a kan kwalin.

Ranar miƙa kujera ta zo. Aka haɗa na'urar a ɗakin taro, aka ɗora mata sabon direban. Hoto ya fito tar, babu ko gargada. Tsintsiya ya tsaya gefen allo hannu a aljihu, yana ta bayani kamar an riga an naɗa shi.

Oga ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "Sannu da ƙoƙari. Saura abu ɗaya. Fizge wayar."

Tsintsiya ya yi murmushi ya fizge. Hoton ya ɗauke. Ya mayar, hoton ya dawo. Ya juyo ya dubi Anti Gwaji. "Kin gani ko?"

"Ƙara," in ji Oga.

Ya ƙara, lafiya lau. Ya sake ƙarawa, har da ɗan wasa da wayar a iska. Can sai allon ya tsage da wasu layuka kore, ya daskare, ya yi baƙi ƙirin. Tsintsiya ya danna maɓalli, shiru. Ya mayar da wayar, shiru. Na'urar ta mutu murus.

Ya juya wajen Oga. "Oga, wannan... ba kullum zai faru ba. Sai an yi rashin sa'a."

Oga ya cire tabaraunsa ya ajiye a tebur.

"Layukan da ka yi wa dariya, ni na rubuta su. Lokacin ina matashi kamarka, ina ji da kaina fiye da kai. Na'urarmu ta mutu haka a hannun wata likita, mutum yana kwance a gabanta an buɗe shi. Allah ya taimaka ta ƙarasa aikin ba tare da allon ba. Da ta fito ba ta zage ni ba. Tambayata kawai ta yi, 'Kun gwada kuwa?' Har yau ban samo amsar da zan ba ta ba. Bayan nan ne na saka jiran nan."

Tsintsiya ya sunkuyar da kai, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Munin layukan gaskiyarka ne, sun yi muni," Oga ya ci gaba. "Da ka tambayi dalilinsu, da ka gyara su sun fi haka kyau. Amma an gaya maka, an kawo maka kayan gwaji har teburinka, ka ƙi. Ba zan bar ran mutane a hannun wanda ba a isa a ce masa ya sake dubawa ba."

Ya miƙe, ya ja kujerarsa baya, ya dubi Anti Gwaji. "Bismillah, zauna."

Ta zauna. Abu na farko da ta faɗa shi ne, "Ƙanena, aikinka ba zan zubar ba, ya fi na da tsari. Ka mayar da jiran, ka rubuta dalilinsa a kai yadda na bayanmu zai gane. Sannan ka kawo min, ni zan fizge wayar."

Ya amsa da ladabi. "To, ranki ya daɗe."

Da yamma ya isa gida, matarsa ta tare shi a ƙofa da fara'a. "Yaya, an ba mu?"

Ya girgiza kai. "An ba wadda ta cancanta."

Darasi: Kafin ka rushe abin da ka tarar, tambayi dalilin da ya sa aka gina shi. Komai gwanintarka, gwada aikinka a inda zai iya karyewa, kuma kada ka raina mai ce maka ka sake dubawa, domin shi ne ke tsare maka mutunci. Idan ka san wani gwani mai saurin shara, tura masa wannan labarin tun kafin a ce masa ya fizge waya a gaban jama'a.