Mai Fito da Aka Haifa a Shekarar Doki

An yi wani sarki a ƙasar Sin, mai son ilmi da girmama ma'abotansa, wanda mulkinsa ya taso daga duwatsun yamma har ya dangana da teku. Mutanen ƙasar nan suna da wata al'ada mai ban sha'awa wajen lissafin zamani, domin sun jera shekaru goma sha biyu, kowace sun laƙaba mata sunan dabba, tun daga ɓera da sa da damisa har zuwa kare da alade, in sun ƙare sai a koma farko. Suna kuma cewa wanda aka haifa a shekarar wata dabba yakan ɗebo wani abu daga halinta.

Wata rana babban masanin taurari na fada, wani dattijo mai suna Shen Dau, ya ba sarki shawara a ba kowa aikin da ya dace da shekararsa. Sarki ya ga hikima a ciki, ya sa aka yi shela cewa 'yan shekarar sa su koma noma, 'yan shekarar kare su yi gadin ƙofofi, 'yan shekarar doki kuwa a tura su filayen arewa su shiga rundunar mahaya.

To, a kudu akwai wani mai fito ana kiransa Gwan Bo, wanda ya shekara talatin yana ƙetarar da mutane a wani kogi mai mugun ƙarfi, kuma ban da shi babu wanda ya san hanyar da jirgi ke bi tsakanin duwatsun da ke ɓoye cikin ruwan. Da takardar kira zuwa arewa ta iso masa, domin shi ɗan shekarar doki ne, sai ya yi tafiyar kwana tara ya faɗi gaban waziri Liyan Fo, ya ce, "Ranka ya daɗe, damina ta kusa. In na tafi, ƙauyuka bakwai na tsallake ba su da mai kawo su kasuwa ko wurin mai magani har ruwa ya janye. Ni kuwa ko jaki ban taɓa hawa ba."

Sai waziri ya sa aka nemo masa waɗansu mutum biyu cikin waɗanda aka tara, ɗaya daga filayen arewa, ɗaya daga duwatsun yamma, ya shiga da su ukun gaban sarki. Ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, waɗannan duka 'yan shekarar doki ne. Ina roƙon a tambayi kowannensu halin doki, don mu tabbata sun san abin da suka gada."

Sarki ya tambayi mutumin arewa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, doki iska ne. Ba ya son shinge, ba ya kwana biyu wuri ɗaya, in ka sakar masa linzami da hantsi, kafin azahar ka manta sunan garin da ka baro."

Mutumin dutse ya girgiza kai, ya ce, "A gafarce ni, wannan ba dokin da na sani ba ne. Namu gajere ne mai haƙuri, yana ɗauke da ganyen shayi a kan hanyar da faɗinta bai wuce taki ɗaya ba, ba ya ajiye kofato sai ya gwada dutsen. Wanda ya yi sukuwa a wurinmu, a gindin kwari za a tsince shi."

Aka zo kan Gwan Bo. Ya sosa ƙeya, ya ce, "Ni dai, ranka ya daɗe, ban taɓa ganin matsoraci kamar doki ba. Sai na ɗaure masa ido da tsumma kafin ya yarda ya shiga jirgi, yana rawar jiki har mu kai gaci. Akuya ma ta fi shi zuciya."

Fada ta ɗauki dariya, har sarki ya rufe baki da hannun riga. Waziri ya bari aka natsa, sa'an nan ya ce, "Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Fili ya koya wa doki gudu, dutse ya koya masa hattara, ruwa ya nuna masa iyakarsa. In dabbar da kanta ƙasa ce ke ba ta hali, yaya ɗan Adam da sunanta kawai ya ara? Shekara takan zo wa kowa lokaci ɗaya, amma wani ta same shi a bakin kogi, wani a kan tudu. Ni kaina a shekarar alade aka haife ni, har yau ina jiran in ji aikin da dokar ta tanadar mini."

Sarki ya dubi Shen Dau. Dattijon ya sunkuyar da kai, ya ce, "Waziri ya yi gaskiya. Na shekara hamsin ina duban sama, ban taɓa tambayar mutum inda yake ɗiban ruwan sha ba."

Nan take sarki ya janye dokar, ya yi umarni kowa ya koma inda ya fito. Ya yafa wa waziri alkyabbar alharini, ya bar Shen Dau a kan muƙaminsa saboda ya karɓi gaskiya a bainar jama'a. Gwan Bo kuwa aka naɗa shi sarkin fito na kogin, aka sassaƙa masa sabon jirgi, aka haɗa shi da mutum huɗu ya koya musu hanyar ruwa. Ya isa gida saura kwana uku ruwan farko ya sauka.

Masu hikima sun ce adalcin mai mulki shi ne ya san inda talakansa ya tashi, da abin da wurin ya koya masa, kafin ya ɗora masa kaya.