Firjin Da Ya Ƙwace Mini Kujera

Akwai wani maƙwabcina a nan garin Tokmok, Talai sunansa, mai shagon gyaran waya a bakin kasuwa. Kafin wani ya rubuta mini a ƙasan wannan rubutu cewa ina tona asirin maƙwabta, ya sani ni aka zalunta a labarin nan. Wanda aka zalunta kuwa yana da ikon magana.

Talai ya sayi wata doguwar mota ta ɗaukar kaya, ya shekara guda yana gyara cikinta ta zama kamar gida. Gado a baya, wurin girki a gefe, farantin sola a kan rufi. Duk abin da ya gani a waya sai ya aika a kawo masa. Tebur mai naɗewa, katifar da ake hura wa iska, risho mai aiki da lantarki, shawa mai ɗan tantinta. A gaban motar ya ɗaura injin ja mai igiyar ƙarfe, wai ko mota ta kafe za ta fitar da kanta.

Ya kuma sa wani hon irin na jirgin ƙasa. Ranar da ya gwada shi, kajina sun yi kwana uku babu ƙwai.

To 'yarsa Aibike ta cika shekara, ta fara tsayawa da kanta. Lokacin yanke mata zaren ƙafa ya yi: a ɗaure ƙafafunta da zaren ulu fari da baƙi, baƙi su yi tsere, wanda ya zo na ɗaya ya yanke zaren, ya riƙe hannunta ta yi takun farko a gaban jama'a.

Surukinsa, mahaifin matarsa Merim, ya ce a wajensa za a yi, can saman duwatsu a makiyayar Son-Kul. Ya sauko har inda waya ke kamawa ya kira Talai.

"Ranar Asabar, kafin azahar. Na gayyaci mutanen tanti goma sha biyu. Matansu za su bar tatsar goɗiya sau ɗaya saboda ni, amma ba za su bar ta biyu ba. Azahar na yi kowa zai hau dokinsa, ko an yanke ko ba a yanke ba."

Talai ya yi dariya, ya kira shi Ata, wato Baba. "Ata, da wannan motar? Ƙarfe goma ina gabanka ina shan shayi."

Ni kuma an yi mini alkawarin kujera tun wata biyu. Kowa ya san taro ba ya daɗi in ba ni a wurin. Ranar Juma'a da la'asar na fito da sabuwar farar hulata, na gyara gashin baki, na tarar ana loda kaya. A kan kujerata kuwa wani sabon firji ne zaune, an ma ɗaura masa bel.

Talai ya dube ni daga sama har ƙasa, ya kira ni yadda ake kiran wanda ya girme ka a nan. "Baike, kilo nawa kake?"

"Kai, wannan tambayar rashin kunya ce. Yayanka nake."

"Ba raini ba ne, lissafi ne. Mota tana da iyaka. Firji kilo ashirin ne, kai kuwa..."

"Firjin zai yi wa surukinka hira? Zai yi wa jama'a waƙa?"

"A'a, amma ba ya cin cinyar tunkiya shi kaɗai."

Kun ji fa. Mutumin da na koya wa hawan keke.

Muna cikin haka sai ga mahaifiyarsa, Burul apa, wato Inna Burul, ta fito tana jan kaya. Tsohuwar shimfiɗar ulu mai kauri, igiyar gashin doki doguwa, guntun shebur, da gurasa a ƙulle cikin mayafin cin abinci.

Talai ya dafe kai. "Apa, gidan tarihi za mu kai su? Ga katifar iska, ga injin ja, ga biskit a kwali. Me za mu yi da shebur?"

"Ubanka bai taɓa hawa dutse babu waɗannan ba."

"Shi ya sa yake kwana biyu a hanya."

"Amma yana isa," in ji ta.

Merim ta sa baki a hankali. "Baban Aibike, a sa su ko a ƙarƙashin gado ne mana."

"Ƙarƙashin gado batir ne. Babu wuri, na gama magana."

Ya hau keke ya tafi sayo ƙarin fitila. Ni da Burul apa muka dubi juna, muka dubi babban akwatin shawa da ke bayan mota. Har yau tana cewa dabararta ce. Ƙarya take, Allah ya ƙara mata lafiya, dabarata ce. Muka fitar da shawar da tantinta, muka cusa shimfiɗa da igiya da shebur da gurasa, muka rufe. Shawar na kai ta gidana.

Da asuba suka tafi, ni ina tsaye a ƙofa da hulata a hannu. Sauran labarin daga bakin Merim da Burul apa na ji, kuma na gwada bakinsu daban-daban, ya zo ɗaya.

Tafiya ta yi daɗi har suka bar kwalta suka fara hawa. Wajen ƙarfe tara suka tarar da garken tumaki ya cika hanya. Wani dattijo yana bayansu a kan doki, yana janye da wani dokin mai kaya.

Burul apa ta ce, "Ka bi su a hankali, zai buɗe maka."

"Na yi wa Ata alkawarin ƙarfe goma."

Ya danna hon ɗin nan.

Tumaki suka watse kamar an jefa musu wuta. Wasu suka gangara kwari, wasu suka haye tudu. Dokin kaya ya yi tsalle, tukunya ta faɗo ta gangara. Aibike ta fashe da kuka. Dattijon ya bi motar da kallo kawai.

Talai ya ce, "Kun ga amfanin kayan zamani?"

Ba su yi tafiyar minti goma ba suka iso wani rafi. Ƙanƙara ta narke, ruwa ya jiƙa gaɓar. Motar da aka loda wa rabin kasuwa ta shiga, ta haye ruwan, ta zo fita sai tayoyin baya suka nutse a laka. Ya taka mai, ta ƙara nutsewa.

"Kada kowa ya damu," in ji shi. "Ranar injin ja ce ta zo."

Ya fita, ya jawo igiyar ƙarfe da ƙugiyarta, ya miƙe yana neman inda zai maƙala. Ya dubi gabas, ciyawa. Ya dubi yamma, ciyawa. A bidiyon da ya kalla, bishiya ake ɗaura wa. A saman nan kuwa, tun da Allah ya yi wurin, bishiya ko ɗaya ba ta taɓa tsirowa ba.

Merim ta leƙo ta taga. "Baban Aibike, ba su haɗo maka da bishiyar a kwalin ba?"

Talai ya ɗaga waya sama, babu sabis. Ya sa hannu ya fara kwasar laka, ruwan sanyi ya sandarar masa da yatsu. Ƙarfe goma ta wuce. Sha ɗaya ta kusa.

Merim ta daina zolaya. Tana tuna mahaifinta tsaye a gaban tanti, an yanka tunkiya, baƙi sun cika, babu jikar da aka taru dominta. Irin wannan kunya makiyaya ba sa mantawa, sai a shekara ashirin ana ba da labarinta a bakin wuta.

Burul apa ta ce, "Ɗana, ɗauko akwatin shawarka."

"Apa, wanka zan yi yanzu?"

"Ɗauko dai."

Ya buɗe. Ya daɗe yana kallon shebur ɗin nan. "Aikin Baike ne wannan," in ji shi.

Kun ji? Ko a cikin laka ya gane hannun gwani.

Suka sauke kaya kaf a kan ciyawa, har firjin. Ya haƙe gaban tayoyi da shebur. Sai Burul apa ta warware shimfiɗar ta ce ya tura ta ƙarƙashin taya.

Talai ya tsaya. "Apa, wannan ai ita kika yi da hannunki kafin a haife ni."

"A kanta ka yi naka takun farko. Yau ta kai 'yarka ta yi nata. Tura."

Ya tura, ya tayar da mota. Ta motsa kaɗan, ta koma. Sai an ja ta daga gaba.

Daidai nan suka ji kukan tumaki. Dattijon ya gama tattara garkensa, ya iso rafin. Ya dubi motar, ya dubi Talai da laka har gwiwa, ya kau da kai zai wuce.

Burul apa ta kwance mayafin gurasa ta miƙa wa ɗanta. "Kai masa."

"Ni? Bayan abin da na yi?"

"Saboda abin da ka yi."

Kowa a ƙasar nan ya san ba a wuce gurasar da aka miƙo, kuma wanda ya ɗanɗana taka ba ya tafiya da fushinka. Talai ya cire hula, ya taka har gaban dokin, ya ɗaga gurasar da hannu biyu, ya kira shi da sunan girma da ake kiran dattawa.

"Aksakal, ka ɗanɗana. Na yi maka rashin hankali."

Dattijon, Sagin sunansa, ya bar shi tsaye da gurasar a sama. Sannan ya gutsura ya sa a baki.

"Gurasar mahaifiyarka ta fi ka tarbiyya," in ji shi. "Ina jirgin ƙasan naka? Ya gaji?"

"Ya gaji, Aksakal."

Da ya ji zaren ƙafar yarinya za a yanke kafin azahar, sai ya diro daga doki. Ya gwada igiyar gashin dokin a hannu, ya gyaɗa kai, ya ce rabon da ya ga mai kyanta tun yana saurayi. Ya sauke kayan doki na biyu, ya ɗaura igiyar a sirdin dawakan biyu. Talai ya shiga mota, Merim ta tura daga baya.

Dawakai suka ja, taya ta kama shimfiɗar, motar ta yi gurnani ta fito.

Shimfiɗar kuwa ta yage gida biyu. Burul apa ta ɗauke ta da lakarta, ta naɗe. Talai ya kasa kallonta.

Ya roƙi Sagin ya biyo su cin nama. Dattijon ya ce tumaki ba sa zuwa biki.

"To me zan ba ka, Aksakal? Ga fitila, ga kujera mai naɗewa."

"Kwance mini hon ɗin nan."

Talai ya kwance ya miƙa masa. Sagin ya rataya shi a sirdi. "Ba amfani zan yi da shi ba. So nake in tabbata kai ma ba ka yi ba."

Sun iso ana saura kaɗan azahar. Wasu matan har sun fara ɗaure sirdi. Surukin ya dubi agogo, ya dubi wandon Talai.

"Ƙarfe gomanku na birni haka take?"

"Ata, shayin ya huce?"

"Ya huce. Kawo mini jikata."

Burul apa ta zaro zaren fari da baƙi daga aljihunta, don ko shi ba ta yarda ta bar wa akwatunan ɗanta ba. Aka ɗaure, aka yi tsere, aka yanke. Aibike ta yi taku uku ta faɗa jikin kakanta, jama'a suka ɗaga hannu aka yi addu'a. Da ina wurin, ni zan ci tseren nan, wannan ba abin musu ba ne.

Ranar Lahadi da yamma na ji an tsaya a ƙofata, babu hon. Talai ne ya ƙwanƙwasa da hannu. Ya buɗe firjin ya ciro cinyar tunkiya guda, rabona da surukinsa ya aiko.

"Baike, ka ga dai firjin ya yi amfani."

"Ya kawo mini haƙƙina ne. Ban yafe masa ba."

"Shawata fa?"

"Wace shawa?"

Yanzu in kuka leƙa motar Talai, a bayan kujerar direba za ku ga shebur, igiya, da rabin shimfiɗar ulu. Su yake fara sawa kafin komai. Ɗaya rabin ya wanke ya shimfiɗa a gadon Aibike. Kujerata kuma ta dawo hannuna, firji ya koma ƙasa inda ya dace da shi.

Darasi: Ka sayi kayan zamani, babu laifi, amma kada su sa ka sauke abin da ya kai iyayenka gida lafiya, kuma kada ka wulaƙanta mutum a hanya don kana ganin ka wuce shi. In tafiya ta kafe, shebur da igiya da mutumin da ka girmama su ne za su fitar da kai. Ku tura wa duk wanda kuka san motarsa ta cika da kaya har babu wurin yayansa.